Yajin Hajiya a Maraɗi: yadda sunan kayanta ya zama mallakin dilanta a ƙetaren boda

Wannan lamarin an riga an rufe shi, kuma mai abin ta yarda in rubuta muddin ban faɗi sunanta ko sunan kayanta ba, dan haka Hajiya kawai zan riƙa cewa, ɗayan kuma Alhaji. Ni lauya ne a nan Zariya, yawancin aikina fili ne da gado da rikicin haya kaman sauran abokan aikina, harkar tambarin kasuwanci sai jefi-jefi take zuwa, amma wannan ɗin ya tsaya min a rai sabida kusan duk mai ƙaramar masana'anta da ke tura kaya Nijar ko Chadi ko Kamaru daga Sabon Gari ko Kano a kan irin wannan matsalar yake zaune bai sani ba.

Hajiya a Tudun Wada take. Da turmi ta fara dakan yaji tana ƙullawa a leda, yanzu kuwa tana da injin niƙa da mata masu gyaran barkono da citta da kanumfari da masoro, ana zubawa a roba a manna leba a jera a katan. Ta yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta samu lambar NAFDAC, kuma da yake cikin takardun da ake nema wajen NAFDAC akwai shaidar ka shigar da sunan kayan a ofishin rajistar tambari da ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, toh ta nan ne ta samu rajistar tambari ba tare da ta ɗauke ta wani abu mai muhimmanci ba. A aji na 30 aka shigar, ajin da kayan ƙamshi da na yaji suke a cikin aji 45 na tsarin Nis da duniya ke bi. Wannan satifiket ɗin da ta jefa ƙasan akwati shi ya zo ya riƙe ta daga baya.

Alhaji kuwa ɗan kasuwar Maraɗi ne, ya daɗe yana sarin yajin, ana ɗora masa a mota ya bi Funtuwa, Katsina, Jibiya ya tsallaka. Babu wata yarjejeniya a rubuce tsakaninsu, amana ce da waya, ya turo kuɗi ta tura kaya, wani lokacin ma kaya ke riga kuɗi tafiya. Da aka rufe bodojin ƙasa a watan Agusta 2019 kaya suka yanke a can, sai wasu suka fara buga leba irin tata sak suna zuba yajin da oho wa ya daka suna saidawa da sunanta. Alhaji ya je neman yadda za a kama su, aka ce masa sai da takarda, shi kuma ya je ya yi takardar, amma da sunansa. Bai faɗa mata ba. Aka buɗe boda, shekaru suka wuce ana ta ciniki lafiya lau, sai bayan da aka sake rufe ta aka kuma buɗe a Maris 2024 Hajiya ta samu sabon dila a Damagaram, kaya suka isa, ba a daɗe ba aka kai wa mutumin nan takarda da Faransanci ta hannun ma'aikacin kotu cewa ya daina saida kaya masu wannan sunan dan sunan na Alhaji ne, in ba haka ba za a kwashe kayan. Ya ɗauki hoton takardar ya turo mata ta WhatsApp, ita kuma ta kawo min wayar.

Tambayarta ta farko ita ce wadda kowa zai yi. "Barista, ba ina da satifiket ɗin gwamnati ba? A tura masu su gani mana." Na ce Hajiya satifiket ɗinki mai kyau ne amma ƙarfinsa a Jibiya ya tsaya, kaman takardar fili ce, ta filin Zariya ba ta ba ki fili a Maraɗi. Kowace ƙasa da rajistarta. Nijar ma ba ta da tata ita kaɗai, tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari da ƙirƙira ta ƙasashe 17 da yawancinsu renon Faransa ne, hedikwatarta a Yawunde ta Kamaru, tana aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977 da aka yi wa gyare-gyare daga baya. Rajista ɗaya a can ta game duka ƙasashen, wato Alhaji da takarda guda ya mallaki sunan yajin Hajiya a Nijar da Chadi da Kamaru da Benin da Togo da Mali da Senegal da sauransu, duk maƙwabtanmu na ƙasa guda huɗu suna ciki. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma zama cikakkiyar mamba a ARIPO ta Harare ba, takwarar OAPI ta ƙasashen Afirka da yawancinsu ke Turanci, ba ta shiga tsarin Madrid da ke ba mutum damar shigar da takarda ɗaya ta WIPO, hukumar duniya ta wannan harkar da ke Jeneba, ya zaɓi ƙasashe da yawa ba. Dan haka ɗan Najeriya in yana son kariya a waje sai ya bi ƙofa-ƙofa. Akwai sauƙi ɗaya da yarjejeniyar Faris ta kare tambari da ƙirƙira tsakanin ƙasashe ta bayar, wadda Najeriya ta shiga tun 1963, in ka shigar da tambari a Abuja kana da wata 6 ka shigar a wata ƙasar a lissafa maka da ranar farko, amma wannan wata shidan na Hajiya sun wuce da shekaru.

Ni a nan ba ni da ikon tsayawa gaban OAPI, wanda ba mazaunin ƙasashensu ba dole ya bi ta wakilin da suka amince da shi, kuma ba zan iya shiga kotun Nijar in yi magana ba. Na kira wata 'yar ajinmu tun muna karatun lauya a Kongo nan Zariya wadda yanzu take wani babban ofishin lauyoyi a Legas, aikinta kenan dare da rana. Su ofishinsu duk shekara suna tura mutum taron INTA, ƙungiyar masu harkar tambari ta duniya da aka kafa tun 1878, an yi na 2023 a Singafo na 2024 a Atlanta, kuma abin da ake zuwa yi a irin wannan taron rabinsa ba sauraren lacca ba ne, sanin juna ne, dan gobe in aikinka ya faɗa ƙasar wani ka san wanda za ka kira wanda ba zai bar wa'adi ya kuɓuce ba. Ita ta haɗa ni da wani lauya a Yawunde wanda yake cikin jerin wakilan OAPI, shi kuma ya haɗa ni da wata lauya a Yamai Bahaushiya, sai aiki ya zama na mutum uku, da shi Turanci muke yi, da ita Hausa, su biyun kuma Faransanci.

Na Yawunde bai ɓata lokaci ba ya ciro bayanin rajistar Alhaji daga kundinsu, ranar shigarwa, aji, hoton tambarin, kuma hoton lebar Hajiya ce ba a canza ko ɗigo ba. Sannan ya faɗa min gaskiya ɗaya bayan ɗaya. A OAPI in an buga tambari a mujallarsu akwai 'yan watanni na yin adawa, akwai kuma wata hanya ta musamman da wanda ya riga amfani da suna zai ce nawa ne an shigar da mugun nufi a mai da min, duka biyun a ofis ake yi ba kotu ba kuma sun fi araha, amma lokacinsu ya shuɗe tun tuni dan babu wanda ke duba wa Hajiya wannan mujallar. Soke rajista sabida rashin amfani na shekara 5 ita ma ba za ta yiwu ba tunda Alhaji yana saida kayan kullum. Saura kotu a Nijar, a nemi ta rushe rajistar, kuma abin daɗin shi ne hukuncin ƙarshe na kotun ƙasa ɗaya kan ingancin rajista yana aiki a duk sauran ƙasashen ƙungiyar.

Shi ne ya jawo hankalina ga wani sashe a yarjejeniyar Faris, wanda ke cikin rukunin sashe na 6, da aka rubuta dan irin wannan lamarin daidai: in wakili ko dilan mai tambari ya je wata ƙasar ya yi rajistar tambarin da sunansa ba da izinin mai shi ba, mai shi na da damar ya nemi a soke, ko a mai da rajistar sunansa inda dokar ƙasar ta yarda, sai dai in wakilin ya kawo hujjar da ta wanke shi. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar. Amma sashen yana buƙatar abu biyu, a nuna Hajiya ce mai tambarin a ƙasarta, sannan a nuna Alhaji dilanta ne ba wani baƙo da ya ƙirƙiri sunan da kansa ba.

Na farkon a nan ni ma na yi masa amfani. Da na tura masa satifiket ɗin ya ce ai lafiya lau da sauran lokaci, dan a wajensu shekara 10 ne wa'adin rajista. Na ce a'a, mu dokarmu ta 1965 shekara 7 ce karon farko daga ranar shigarwa, sannan sabuntawa duk shekara 14, kuma na Hajiya saura ƙiris ya cika. Da ya faɗi muna tsakiyar rigima da lauyan Alhaji ya samu abin kamawa. Muka sabunta kafin komai. Na kuma gaya masa a wajenmu kowane aji da takardarsa daban, ba kaman su da ake haɗa aji da yawa a takarda ɗaya ba, dan haka garin kunun da ta fara yi daga baya da man gyaɗa sai an duba kowanne ajinsa.

Na biyun shi ya ci mana lokaci, kuma shi ne inda nake so masu sana'a su buɗe kunne. Babu yarjejeniya, toh da me za a nuna dilanci? Hajiya ta sa aka kinkimo wata jakar bakko daga ɗakin ajiya muka zazzage a tabarma a tsakar gidanta, ƙamshin citta duk ya kama takardun. Akwai littattafan ciniki masu bangon kwali da babbar 'yarta ke rubutawa da biro, kwanan wata a gefe, sai "Alh. Maraɗi" da adadin katan da abin da ya biya da abin da ya rage. Akwai rasit na tasha da direbobi ke bayarwa, wasu ruwa ya taɓa su tawadar ta baje. Akwai saƙonnin murya a tsohuwar wayarta, ɗaya a ciki Alhaji da bakinsa yana cewa Hajiya a ƙaro min yajinki mutane na ta tambaya. Lauyar Yamai da ta saurara ta ce wannan kalmar "yajinki" ta fi mata takarda goma, amma sai an rubuta shi an fassara zuwa Faransanci ta hannun tafintan da kotu ta yarda da shi, in ba haka ba alƙali ba zai kalla ba. Sannan muka je Sabon Gari wajen mai buga leba, Allah ya taimaka fayil ɗin zanen farko na nan a kwamfutarsa da kwanan watansa, ya rubuta mana shaida ya kuma sa hannu cewa ya mallaka wa Hajiya haƙƙin zanen, dan zane shi ba ya buƙatar rajista kafin a kare shi kuma ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Ban ta haƙƙin mawallafa.

Da muka gama tarawa hujja ta yi ƙarfi, amma lauyar Yamai ta ce min Barista kar mu yi gaggawar kotu. Ta lissafo kuɗin fassara da na ma'aikacin kotu da ɗaukaka ƙara in an yi, ga shi duk tsawon shari'ar kayan Hajiya ba za su shiga Damagaram cikin kwanciyar hankali ba, ga shi kuma Alhaji yana da abin faɗa, zai ce ya yi ne dan ya kori masu jabu kuma ya kore su ɗin da kuɗinsa. Ni ma ra'ayina kenan, ban ɗauki Alhaji ɓarawo ba ranar da ya yi rajistar, inda ya ci amana shi ne ɓoyewar da ya yi da kuma ranar da ya juya takardar kan mai kayan. Sai ta rubuta masa wasiƙa mai ladabi ta jera abin da ke hannunmu, muka kuma nemi wani dattijo a kasuwar Katsina da duk su biyun ke jin nauyinsa, aka zauna a gidansa.

Zaman bai yi daɗi da farko ba. Alhaji ya ce, "Hajiya, ni na tsare maki sunan ga lokacin da ba ki san abin da ake ciki ba, kuɗɗina na kashe, yau kuma a kawo wani ya ci gumina?" Hajiya ta ce, "Alhaji da ka faɗa min ai da na gode maka na biya ka, amma ka aika wa baƙona sammaci da sunan da na raɗa da bakina?" Dattijon ya bar su suka amayar da abin da ke cikinsu sannan aka zo kan takarda. Alhaji ya mai da rajistar OAPI sunan kamfanin Hajiya, ita ta biya shi abin da ya kashe wajen rajista da korar masu jabu, aka ba shi dilancin jihar Maraɗi shi kaɗai na wasu shekaru a rubuce, ita kuma ta samu 'yancin naɗa wanda take so a Damagaram da Yamai da ko'ina, aka sa sharaɗin ba zai sake shigar da wannan sunan ko mai kama da shi a ko'ina ba. An rubuta da Turanci da Faransanci aka kuma karanta masu da Hausa, lauyar Yamai ta daidaita shi da dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙungiyar OHADA da Nijar ke bi mu ba ma bi. Na Yawunde ya dage kan abu ɗaya, sa hannu kaɗai bai isa ba, sai an shigar da canjin mai shi a kundin OAPI kafin ya yi aiki a kan wasu mutane na waje, ya kai da kansa ya turo mana shaidar.

Akwai wani reshe da ya ɓullo a tsakiyar aikin. Ɗan Hajiya injiniya ne, ya ƙera na'urar busar da barkono da tattasai mai amfani da zafin rana da fanka, ita suke amfani da ita a gidan, ganin abin da ya faru da mamansa ya ce shi ma a yi masa takardar mallakar ƙirƙira, fatent kenan, kuma ta duniya baki ɗaya yake so. Babu fatent na duniya. Akwai tsarin PCT, na shigar da buƙatar fatent ɗaya dan ƙasashe da yawa, da Najeriya ta shiga a 2005, shi kuma lokaci yake sai maka, wajen wata 30 daga ranar farko, kafin ka shiga ƙasa-ƙasa kowacce ta yanke hukuncinta. Babbar matsalarsa ita ce ya riga ya sa bidiyon na'urar a Facebook ya buɗe cikinta yana bayani dalla-dalla, ya kuma saida wa wasu manoma fiye da shekara da ta wuce. Dokarmu ta 1970 ta ce sai abu sabo ne da ba a bayyana wa jama'a a ko'ina ba, rangwamen da ta yi kawai na wata 6 ne ga wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Wani ya gaya masa ai in ya kai Abuja za a ba shi, kuma ba ƙarya ba ne, dan tsarinmu cikar takardu ake dubawa ba a binciken sabuntar abin, dokar da kanta ta ce ana bayarwa ne bisa kasadar mai nema ba tare da lamunin inganci ba, duk ranar da ya kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya za a iya rushe ta da bidiyonsa na kansa. Abokin Yawunde ya nuna wa wani abokin hulɗarsu a Turai, amsar ta zo a layi biyu, a can babu rangwame ga wanda ya tallata abinsa da kansa, Amurka ce ke ba da shekara 1 ita ma ta wuce.

Yaron ya ji zafi sosai kuma na tausaya masa wallahi. Abin da ya rage shi ne wani gyara da ya yi wa hanyar iskar na'urar wanda bai nuna wa kowa ba tukuna, na ce ya rufe bakinsa ya rufe kyamara, a rubuta wannan a shigar, daga ranar yana da wata 12 na zuwa wasu ƙasashen, kuma OAPI na da wata ƙaramar kariya ta ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire irin na kayan aiki wadda mu babu ita a dokarmu. Na tura shi ya nemi NOTAP, hukumar gwamnati ta harkar fasaha, dan suna taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da fatent. Rubuta iyakar abin da ake nema a kare ba aikin lauya zalla ba ne, a Turai da Amurka masu wannan aikin sai sun karanta kimiyya ko injiniyanci sun kuma ci jarabawa ta musamman, mu a nan ba mu da wannan rukunin daban, kuma abin na damuna in na tuna garin da muke, ga ABU tun 1962, ga cibiyar binciken noma IAR a Samaru, ga ta dabbobi NAPRI a Shika, ga ta sinadarai NARICT a Basawa, ga cibiyar fata, bincike ake yi kullum ana bugawa a mujalla ko a kai taro kafin kowa ya yi tunanin shigar da takarda. Haɗin yajin kuwa na ce wa Hajiya kar ma ta yi tunanin fatent, dan sai ta bayyana sirrin kuma shekara 20 ce ta ƙare kowa ya ɗauka, ta ci gaba da auna kayan haɗin ita da 'yarta a ɗaki kaman yadda take yi.

Hulɗar ba ta tsaya a nan ba. Na Yawunde yana da wani mai kaya da ke son shigowa kasuwar Kano wanda ya zaci rajistar ARIPO ta game Najeriya tunda muna Turanci, ya turo min na yi masa bincike a Abuja na shigar masa, kuma yanzu shi yana duba min mujallar OAPI in wani ya shigar da suna mai kama da na Hajiya, ni ina duba masa tamu, inda wa'adin adawa wata 2 ne kacal daga ranar bugawa. Irin wannan sanayyar manyan ofisoshin Legas da Abuja sun daɗe da ita da Landan da Jeneba, alhali kayan mutanenmu Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena suke zuwa, kuma lauyoyin can da yawa Hausa suke ji, kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano ya ishe mu haɗuwa ba sai da biza ba. Ina ganin rassan ƙungiyar lauyoyi na Zariya da Kano da Katsina su ya kamata su fara wannan.

Yanzu rajistar ƙasashe 17 tana hannun Hajiya, ranakun sabuntawa biyu, na Abuja da na Yawunde, suna rubuce a fayil ɗina da kuma bangon littafin cinikinta. Wata mata a Kumasi ta nemi ta zama dilarta, Gana kuma ba ta cikin OAPI, na tambayi abokan ko rajistar OAPI za ta ba Hajiya damar bin tsarin Madrid tunda ƙungiyar ta shiga a 2015, suka ce a'a sai tana da zama ko masana'anta ta gaske a ɗaya daga ƙasashen ko ta zama 'yar can. Dan haka 'yar ajinmu ta Legas ta ba mu wani lauya a Akra, an shigar da tambarin da sunan kamfanin Hajiya, an sa hannu kan yarjejeniyar dilanci, sannan aka ɗora katan na farko a mota.